AMANAR 'YA'YANMU DA DABBOBIN DA KE CIKIN GIDAJENMU

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya hore mana dabbobi, Ya sanya mana abinci da sutura da abin hawa a cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda aka aiko domin jinƙai ga halittu baki ɗaya, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wani al'amari ne da ya auku a kan idona, wanda har yau in na tuna da shi barci yakan ƙaurace mini. Wata rana bayan sallar lisha wani bawan Allah, ɗan kasuwa a unguwarmu, ya yi sallama da ni a zaure, ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ka taimaka ka zo ka yi mana addu'a, yaron wajena ne iska ta buge shi." Na bi shi muka tafi. Na tarar da yaro ɗan shekara tara yana ta fizge-fizge, yawu yana dalala daga bakinsa, ga ƙishirwa ta dame shi, amma da zarar an kawo moɗar ruwa kusa da bakinsa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture ta cikin firgita. An riga an yi masa hayaƙi, an kuma kawo rubutu ya kasa haɗiya.

Na yi addu'ar da ta sawwaƙa, sa'an nan na tambaya ko wata dabba ta taɓa cizonsa. Mahaifinsa ya ce bai sani ba. Sai ƙanwar yaron, wata 'yar ƙarama da ke laɓe bayan mahaifiyarta, ta ce ai wani kwikwiyo ya cije shi a hannu wajen wata biyu da suka wuce, can inda suke wasa, amma ya hana ta faɗa don kada a doke shi. A daren nan muka ɗauke shi zuwa asibiti. Likita ya duba shi, ya janye mu gefe, ya ce mana lokaci ya riga ya ƙure. Kwana uku tsakani muka yi masa sutura. Allah Ya sa mai ceton iyayensa ne.

Mun yi imani cewa ajali ba ya gabata, ba ya kuma jinkiri. Amma Allah da Ya ƙaddara ajali Shi ne Ya umurce mu da riƙon sababi, kuma a kan sababin ne za a tambaye mu. Mun san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, mai tsira da aminci, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya ɗaure ta tukuna sa'an nan ya dogara. Saboda haka na ga ya wajaba in tunatar da kaina da ku abin da shari'a ta ce game da dabbobin gida, da kuma abin da likitoci suka tabbatar, domin mu tsare yaranmu.

'YA'YA AMANA NE, DABBA MA AMANA CE

Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa kowanenmu makiyayi ne abin tambaya a kan kiwon da aka ba shi, maigida a kan iyalinsa, uwargida a kan ɗakin mijinta da 'ya'yansa. Malaman usulu kuma sun haɗu a kan cewa tsare rai yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. Yaro ƙarami ba ya rarrabe abin da zai cuce shi, nauyin kiyaye shi kuwa yana wuyan waliyyinsa.

Amma kada wani ya fahimci cewa ina kiran mutane su ƙi dabbobi ne. Musulunci ya girmama hakkin dabba tun kafin a san ƙungiyoyin kare hakkinta. An ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. An kuma ba mu labarin mutumin da ya tarar da kare yana lallagen harshe saboda ƙishirwa, ya shiga rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Duk waɗannan suna cikin ingantattun hadisai.

Wasan yaro da dabba ma yana da asali. Anas ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, yana da ƙane ana ce masa Abu Umairu, yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu yaron ya yi baƙin ciki, Manzon Allah kuwa ya riƙa tambayarsa labarin tsuntsun cikin raha domin ya lallashe shi. Malamai sun fitar da hukunce-hukunce masu yawa daga wannan hadisi, a cikinsu har da halascin barin yaro ya riƙe tsuntsu, muddin ana ciyar da shi ba a kuma azabtar da shi.

Game da kyanwa kuwa, Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, da matar ɗansa ta yi mamaki sai ya sanar da ita cewa Annabi ya bayyana kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninmu. To, amma a lura da kyau. Tsarkin abu a shari'a magana ce a kan ingancin alwala da salla. Bai zama shaida ba cewa abin ba ya ɗauke da cuta. Ruwan kududdufi yana iya zama mai tsarki ga alwala, amma mai hankali ba ya shayar da jaririnsa shi. Rashin rarrabe waɗannan biyu ya jawo wa mutane da yawa sakaci.

HUKUNCIN AJIYE KARE

Hadisi ya tabbata cewa wanda ya ajiye kare ba domin farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, ana rage masa lada kowace rana, a wata ruwaya ƙiraɗi ɗaya, a wata kuma biyu. A kan haka ne Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai littafin Risala da muke karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye sai domin gona, ko dabbobin da yake rakawa daji, ko farautar neman abinci. Masu sharhin Risala sun kawo labari cewa shi kansa Shehun, da katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, ya ajiye kare domin gadi. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma ya ajiye. Da wannan ne malamai da yawa suka halatta karen gadi idan akwai buƙata ta gaskiya.

Na san cewa a yau 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da yawa, musamman mazauna sababbin unguwanni na bayan gari, sun ajiye karnuka saboda tsoron ɓarayi, waɗansu ma irin manyan nan na ƙasashen waje da ake saye da kuɗi masu yawa. Ba na musun buƙatarsu. Amma sauƙin da shari'a ta yi saboda buƙata yana tsayawa ne a gwargwadon buƙatar. Karen gadi yana da wurinsa, a ɗaure ko a killace da rana, nesa da inda yara suke wasa, nesa da ɗakunan kwana da wurin salla da kwanukan abinci. An umurce mu da wanke ƙwaryar da kare ya yi lallage a cikinta sau bakwai. A mazhabarmu ta Malikiyya wannan wanki bauta ce kawai, kare mai rai kuwa ba najasa ba ne, a wurin Shafi'iyya kuma najasa ce mai nauyi, sai an haɗa da ƙasa. Kowace fahimta mutum ya bi, ƙarshenta dai guda ne, watau a raba bakin kare da abin da mutane suke ci suke sha.

IDAN DABBARKA TA YI ƁARNA

Waɗansu sukan fake da hadisin da ya nuna cewa raunin da dabba ta yi ba shi da ramuwa. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa wannan yana kan dabbar da ta yi ɓarna ba tare da sakacin kowa ba. Idan akwai sakaci, akwai lamuni. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa taguwar Barra'u ɗan Azibu ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Manzon Allah ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu ita, ɓarnar da dabbobi suka yi da dare kuma tana kan masu su. Risala ta bayyana cewa mai kora dabba da mai janta da mai hawanta duk suna lamunce abin da ta taka. Shehu Halilu kuma, a babin jini na Muhtasar, ya lissafa ajiye kare mai cizo bayan an gargaɗi mai shi tare da haƙa rijiya da ɗaure dabba a kan hanya, a cikin sabuban da suke wajabta diyya idan rai ya salwanta, har ma da ƙisasi idan an yi da nufin cutar wani mutum ayyananne kuma ya halaka.

To, Alhaji, ka dubi ƙofar gidanka. Su wa suke shigowa da rana? Almajiri mai neman saura, da yarinya mai tallar ƙosai, da ɗan maƙwabci da aka aiko karɓo rariya, da 'ya'yan 'yan'uwa masu zuwa hutu. Karenka ya san 'ya'yanka, bai san waɗannan ba. Kai kana kasuwa ko ofis, ka bar al'amarin a hannun maigadi, shi kuma ya tafi masallaci ya bar ƙofa a buɗe. Idan kare ya yayyaga ɗan wani, ba maigadi kaɗai za a tambaya gaban Allah ba. Wanda kuwa maƙwabta suka taɓa kawo masa ƙarar karensa ya yi biris, ya sani cewa hujja ta riga ta tsaya a kansa. Kuɗin magani yana wuyansa tun a nan duniya, kuma bai halatta ya ɓoye wa iyayen yaron gaskiyar ko an yi wa karen allura ko ba a yi ba.

CIWON HAUKAN KARE

Wannan ita ce cutar da ta kashe yaron da na ba ku labari. Tsohuwar cuta ce. Larabawa suna kiranta alkalab, kuma a zamanin jahiliyya sun ɗauka cewa jinin sarakuna ne maganinta. Babban likitan nan na Musulunci, Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya siffanta ta a littafinsa na likitanci, har da tsoron ruwan da yake kama mai ita. Ba a sami makarinta ba sai a shekarar 1885, lokacin da wani masani na ƙasar Faransa mai suna Luwi Fasto ya jarraba allurar rigakafi a kan wani yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya cije, Allah kuwa Ya tsirar da yaron.

Ga yadda cutar take aiki. Ƙwayarta tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta ciji mutum, ko ta yakushe shi, ko ta lashi wani rauni a jikinsa, ƙwayar takan shiga ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya takan ɗauki wata biyu zuwa uku a mafi yawan lokaci, amma tana iya zama mako guda, tana kuma iya kai shekara. A duk tsawon wannan lokaci raunin ya warke, yaro yana wasansa, kowa ya manta. Idan an yi allura kafin alamu su bayyana, da izinin Allah mutum yakan tsira. Idan kuwa alamu sun fito, watau zazzaɓi da firgita da tsoron ruwa da na iska, to, kusan babu wanda yake tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kimanin 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a nahiyoyin Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin yake shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa daga kare suke samu, ko da yake kyanwa da dila da sauran masu shayarwa suna iya ɗaukarta. Dalilin da ya sa ta fi cin yara a fili yake. Su ne masu wasa da 'yan kwikwiyo, su ne masu jifan kare, su ne masu ɓoye cizo. Kuma saboda gajartarsu kare yakan same su a fuska ko a wuya, inda ya fi kusa da ƙwaƙwalwa.

Kada a ɗauka mahaukacin kare sai wanda yake gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai wanda cutar take sa shi ya yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana zuba, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya sa hannu a bakinsa. Duk dabbar da halinta ya sauya farat ɗaya, a nisance ta, a kira malaman dabbobi.

Rigakafin kare da kyanwa kuwa abu ne mai sauƙi. Ana fara yi musu allura tun suna wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara a asibitin dabbobi, a karɓi takardar shaida a adana. A nan Nijeriya muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun shekarar 1924, tana cikin masu haɗa wannan allura. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari allura, cutar takan daina yaɗuwa a cikinsu. An kuma keɓe ranar 28 ga watan Satumba ta kowace shekara domin faɗakarwa a kanta. Ni dai abin da na fahimta daga ƙa'idar shari'a ta gusar da cuta shi ne, wanda ya ajiye kare a cikin jama'a, yana da halin yi masa allura ya ƙi, ya yi sakaci da rayukan Musulmi.

ABIN DA ZA A YI IDAN AN YI CIZO

Na farko, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara ana wankewa har tsawon minti 15. Wannan wanki kaɗai yana rage haɗari ƙwarai, kuma babu gidan da ya rasa sabulu. In akwai aidin ko sifirit a shafa bayan wankin.

Na biyu, kada a zuba barkono ko toka ko ƙasa ko man birki, kada a ƙona gashin karen a liƙa a wurin kamar yadda waɗansu suke yi, kada kuma a ɗaure raunin tamau. Duk waɗannan ba su kashe ƙwayar cutar, sai dai su ɓata lokaci, kamar yadda jinin sarakuna bai warkar da Larabawan jahiliyya ba.

Na uku, a tafi asibiti a ranar, ko da raunin ɗan ƙarami ne. Allurar ba guda ɗaya ba ce. Ana yin ta ranar da aka je, da bayan kwana 3, da bayan kwana 7, a wani tsarin kuma akan ƙara wata daga baya. Idan cizon ya yi zurfi likita yakan ƙara wata allura ta daban a kewayen raunin, yakan kuma duba batun allurar tetanas. Lalle a cika adadin da likita ya faɗa, kada a tsaya don an ga rauni ya warke. Idan ba a sami allurar a asibitin kusa ba, a tambayi inda take a bi ta, ko da za a ci bashi.

Na huɗu, idan an san karen kuma ana iya killace shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana 10 ana ba shi ci da sha, malaman dabbobi suna dubawa. Amma ba a jiran kwanakin nan kafin a fara yi wa yaro allura. Wanda kuwa ya tabbata mahaukaci ne, shari'a ta halatta kashe kare mai cizo har ga mai harama da aikin hajji, sai dai a bar wa waɗanda suka san aikin, kada yara su taru suna jifa, kada kuma a taɓa gawarsa da hannu.

Ina kuma kira ga 'yan'uwana malamai. Mu ne ake fara kira idan yaro ya firgice. Mu yi addu'a, domin addu'a makamin mumini ce, amma mu yi tambaya, mu kuma tura mutane asibiti. Annabinmu ya umurce mu da neman magani, ya sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Malamin makarantar allo kuma ya sani cewa almajiran da ke hannunsa su ne suka fi kowa haɗuwa da karnukan titi, shi ne kuwa uwa da uba a gare su.

KYANWA DA KAJI DA RAGON LAYYA

Kyanwa tana da amfani wajen korar ɓeraye, amma kada a bar ta ita kaɗai da jariri a ɗaki, domin tana son ɗumi, takan hau shimfiɗarsa ta kwanta kusa da fuskarsa. Yakushinta ma a wanke shi da sabulu a nuna wa likita. Kashinta yana iya ɗaukar tsutsar ciki, da wata ƙwayar cuta mai illa ga ɗan tayi, don haka mace mai juna biyu ta bar wa wani kwashe shi, a kuma hana yara wasa a yashin da kyanwa take binne kashinta. Kyanwa ko kwikwiyon da gashinsa yake zubewa wuri-wuri yana iya shafa wa yaro makero.

Kaji da agwagi da tantabaru su kwana a akurkinsu, kada su kwana ɗaki ɗaya da yara. Kashinsu yana jawo gudawa mai tsanani ga yaro mai rarrafe, wanda duk abin da ya tsinta sai baki. Ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a shekarar 2006 ba. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa, kada a aiki yaro ya kwashe su, kada kuma a yi gaggawar yanka masu ciwo don gudun asara. Mushe haramun ne, mai ciwo kuma abin tsoro ne. Madarar akuya ko ta saniya a tafasa ta kafin a ba yaro.

Ragon layya da ake turkewa a tsakar gida yana iya karya ƙashin yaro da tunkuyi ɗaya. A hana yara tura masa goshi da hannu da sunan wasa, domin haka ne yake koya masa tunkuyi. A hana su naɗa igiyar dabba a wuyan hannu, don idan ta zabura za ta ja su a ƙasa. A koya musu cewa ba a bin bayan jaki ko doki. Biri da sauran namun daji da waɗansu masu hali suke ajiyewa don ƙawa, ba su dace da gidan da yake da ƙananan yara ba.

Akwai kuma haɗarin da yake zuwa daga kayan kiwon. Bahon ruwan dabbobi, ko da ruwan kaɗan ne, yana iya halaka yaro mai tatata idan ya faɗa da ka. Maganin kaska da na tsutsa da na ɓera guba ne, a kulle su a sama, kada a zuba su a kwalbar lemo. Manzon Allah ya umurce mu da mu tsare yara a gida idan almuru ta yi, mu rufe ƙofofi, mu rufe ƙorai da tulunan ruwa, mu kashe fitilu lokacin barci. Gidan da yake bin wannan sunna ya rage wa kansa haɗari mai yawa.

TARBIYYAR DA ZA A BA YARA

Yawancin cizon da yake samun yara yana faruwa ne a cikin gida ko a unguwa, daga dabbar da suka sani, kuma sau da yawa yaron ne ya tsokane ta cikin rashin sani. Saboda haka koya wa yaro tausayin dabba ibada ce, kuma kariya ce gare shi. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa wuce waɗansu samari sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa, ya tsawata musu ya sanar da su cewa Annabi ya la'anci mai yin haka. Mu kuwa muna ganin yaranmu suna jifan kare, suna jan wutsiyar kyanwa, suna ɗaure ƙadangare, mu wuce muna dariya.

A koya wa yaro kada ya taɓa dabba tana cin abinci, ko tana barci, ko tana shayar da 'ya'yanta. Kada ya ɗauki kwikwiyon da bai san mai shi ba. Idan kare ya nufo shi kada ya ruga da gudu yana ihu, domin gudu yana ƙara zuga kare. Ya tsaya cik, hannuwansa a jikinsa, kada ya zura masa ido, in kare ya juya sai ya ja da baya sannu. In kuwa ya kayar da shi, ya dunƙule ya rufe fuskarsa da wuyansa da hannuwansa. Bayan taɓa kowace dabba a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Yaron da bai kai hankali ba kuwa, ba a barinsa da dabba sai da babba a kusa, kome sabon da ke tsakaninsu.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi tsaya mini a rai, shi ne wannan. Ya kai mahaifi, ka tara 'ya'yanka yau da dare ka yi musu alkawari cewa duk wanda dabba ta cije shi ko ta yakushe shi, ya zo ya faɗa, ba za a doke shi ba, ko da shi ne ya yi tsokana, ko da an hana shi zuwa wurin. Ka kuma cika wannan alkawari. Yaron da muka binne ya fi tsoron bulalar mahaifinsa a kan cizon kare, shi ya sa ya yi shiru. Na nemi izinin mahaifin nan kafin in rubuta wannan, ya ce mini, "Malam, ka rubuta, wataƙila Allah Ya tsirar da ɗan wani."

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da Ya ɗora mana, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.